Ƙarar Kamfanin Inshora a Kotun Najeriya: Matakan da Ake Bi da Abin da Za a Tarar

Tambayar da aka fi yi mini a kan harkar inshora ita ce: kamfani ya ƙi biyana, ta ina zan fara kai shi kotu? Masu tambayar galibi iri biyu ne, mai motar da ta yi haɗari da ɗan kasuwar da gobara ta laƙume masa shago, don haka da su zan riƙa ba da misali. Bayanin ya shafi Najeriya, kuma ya hau kan wanda ya yi takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, kamar yadda ya hau kan wanda ya yi inshorar da aka saba. Abin da ya kamata mai niyyar ƙara ya sani tun farko shi ne da wuya kamfani ya musanta cewa an yi gobara ko mota ta faɗi. Inda zai ja daga shi ne kan takarda: me aka rubuta a yarjejeniya, wane sharaɗi aka saɓa, nawa za a iya tabbatarwa da hujja. Alƙali ma a nan zai tsaya.

1. Karanta yarjejeniyar

Mutane da yawa ba su da komai a hannu sai 'yar takardar shaida mai shafi ɗaya da ake nuna wa 'yan sanda a hanya. Wannan ba ita ce yarjejeniyar ba. Yarjejeniyar ita ce doguwar takardar nan mai ƙananan rubutu, tare da jadawalin da ke ɗauke da sunanka, abin da aka yi wa inshora, darajarsa, da ranar farawa da ta ƙarewa. Idan ba a ba ka ita ba, ka nema a rubuce, ka kuma nemi kwafin fom ɗin da ka cike lokacin shiga, domin duk amsar da ka bayar a cikinsa za ta iya dawowa gabanka a kotu.

Abu uku za ka tabbatar kafin komai. Na farko, ko takardar ta gaskiya ce, domin ana sayar da ta jabu a bakin ofisoshin lasisin mota. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta NIA tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake sa lambar mota a shafin askniid.org a ga ko tana ciki. Idan takardar jabu ce, ba ka da abin da za ka riƙe kamfani da shi, rigimarka da wanda ya sayar maka ce. Na biyu, ko an biya kuɗin inshorar kafin abin ya faru, domin ƙa'idar dokar Najeriya ita ce in ba a biya ba babu kariya, kuma alkawarin “zan kawo ciko” ba ya tsayawa a kotu. Na uku, wane irin inshora ka yi. Wanda ya biya naira 15,000 na motar gida, farashin da ya fara aiki a Janairun 2023, ya sayi kariya ce ga mutanen da motarsa za ta yi wa ɓarna, har zuwa naira miliyan 3 na dukiya. Motarsa shi kansa ba ta ciki, kuma ƙara a kan gyaranta asarar kuɗi ce kawai.

Daga nan sai ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin wa'adin sanar da kamfani, jerin abubuwan da aka ware daga kariya, kason da kai za ka ɗauka daga cikin asarar, sharaɗin kai saɓani gaban masu sasantawa (waɗanda ke yanke hukunci a wajen kotu), da wa'adin ɗaukar mataki bayan kamfani ya ƙi biya.

Gargaɗi: yarjejeniyoyi da yawa suna cewa idan kamfani ya ƙi biya, kuma wata 12 suka wuce ba ka ɗauki mataki ba, an ɗauka ka yafe. Wannan wa'adin ya fi wanda dokar jiha ta bayar na shigar da ƙara gajarta nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke kayar da masu jiran “ana dubawa”.

2. Tara hujjoji

A wannan mataki ake cin shari'a ko a faɗi, tun ba a san kalar ƙofar kotu ba. Mai mota yana bukatar rahoton 'yan sanda, hotunan motar a inda ta yi haɗarin kafin a ja ta, lasisin wanda ke tuƙi a lokacin, takardun mallaka, da ƙiyasin gyara daga gareji. Mai shago yana bukatar rahoton hukumar kashe gobara, hotuna da bidiyo, takardar haya ko ta mallakar shagon, da duk abin da zai nuna yawan kayan da ke ciki a daren da wutar ta tashi.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Ɗan kasuwarmu yakan ajiye littafin shiga da fitar kaya da rasidai a cikin durowar shagon, sai su ƙone tare da hajar. Na taɓa zama da wani mai sayar da atamfa da shadda da hakan ta faru da shi. Ya san adadin dilolinsa kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa, amma ba shi da takarda ko ɗaya. Abin da ya cece shi shi ne komawa wurin waɗanda yake sarin kaya a hannunsu ya karɓo kwafin rasidai, ya ciro bayanan asusunsa na banki na wata shida, ya nemo takardun lodin kaya a wurin masu mota, sannan ya haɗa da hotunan shagon da yaronsa ya riƙa ɗauka yana tallata kaya a WhatsApp. Kowanne shi kaɗai ba ya isa, amma da aka jera su sai suka gaskata juna.

Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara ya duba wurin ya rubuta rahoto. Ka ba shi haɗin kai, amma ka tuna kamfani ne ya ɗauko shi kuma shi ke biyansa. Kana da damar ɗaukar naka mai ƙiyasin, kuma idan asarar babba ce kuɗin da za ka ba shi ba asara ba ce. Duk takardar da ka miƙa wa kamfani, ka riƙe kwafi wanda aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Duk maganar da aka yi ta waya, ka bi ta da wasiƙa ko imel da ke maimaita abin da aka faɗa.

Gargaɗi: kada ka gyara motar, kada ka kwashe tarkacen shagon, kada ka sayar da abin da ya tsira, sai kamfani ya gani ya kuma ba da izini a rubuce. Sannan kada ka ƙara ko kwabo a kan asarar. Rasidi ɗaya na bogi ya isa kamfani ya ce an yi zamba, ya rushe da'awar gaba ɗaya har da ɓangarenta na gaskiya.

3. Samo dalilin ƙin biya a rubuce

Ka matsa wa kamfani ya rubuta maka matsayinsa, ya kuma faɗi sharaɗin da ya dogara da shi. Dalilan da aka saba ji ba su da yawa: an makara wajen sanarwa, direba ba shi da lasisi mai aiki, motar gida ce aka sa ta haya, an ɓoye wani bayani lokacin cike fom, ana ajiye jarkokin fetur na janareta a shagon ba a faɗa ba, ko kuma takardun motar har yanzu da sunan wanda aka saya a hannunsa suke. Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare a wurinmu, domin mutum yakan sayi mota ya shekara uku bai sauya suna ba.

Sau da yawa kuma kamfani bai ƙi biya ba, ragewa ya yi, sai mai da'awa ya ɗauka zalunci ne alhali lissafin yana cikin yarjejeniya. A ce kayan shagonka sun kai naira miliyan 20, amma ka yi musu inshorar miliyan 10 don rage kuɗin shekara, sai wuta ta ci na miliyan 8. Tunda rabin darajar ka kare, rabin asarar za a biya ka, wato miliyan 4, sannan a cire kason da ke kanka. Babu alƙalin da zai sauya wannan lissafin, don haka ka yi shi da kanka kafin ka fusata.

Gargaɗi: idan aka kawo maka takardar sallama mai cewa ka karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe, kada ka sa hannu muddin kana da niyyar neman ciko. Bayan sa hannu, buɗe maganar a kotu yana da matuƙar wuya. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an fitar da wannan takarda. An maye gurbin dokar da sabuwa wadda shugaban ƙasa ya sanya wa hannu a 2025, saboda haka lauya zai duba ranar da aka ƙulla yarjejeniyarka da ranar asarar ya san wadda ta hau kanka.

4. Ƙorafi kafin kotu

Ka fara da rubuta wa shugaban kamfanin, ba ejan ɗin da ya kawo maka fom ba. Idan ta hannun dillali mai rajista ka shiga, bin diyyarka yana cikin aikinsa, ka sa shi gaba. In hakan bai yi ba, ka kai ƙorafi hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora, wadda hedikwatarta ke Abuja kuma take da sashen karɓar ƙorafi. A ganina wannan ne matakin da ya fi araha kuma aka fi tsallakewa, alhali kamfani ya fi shakkar hukumar da ke riƙe da lasisinsa fiye da wasiƙar lauya. Akwai kuma zaurukan sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Legas da Abuja da Kano da wasu jihohi, inda yarjejeniyar da aka cim ma takan zama hukunci idan alƙali ya amince da ita.

Gargaɗi: kada ka ɗauka ƙorafi ko zaman sulhu yana tsayar da wa'adin shigar da ƙara. Dokar wa'adi ta ba da shekara 6 a Legas da Abuja ga rigimar yarjejeniya, wasu jihohin shekara 5, ban da gajeren wa'adin da ke cikin takardarka.

5. Lauya da kuɗin da za a kashe

Ka nemi lauyan da ya taɓa yin shari'ar inshora ko ta kasuwanci, ka kuma tambaye shi kai tsaye. Gwanin shari'ar fili ko ta gado ba lallai ne ya san lungunan wannan ba. Ku rubuta yarjejeniyar biya tun ranar farko: dunƙulallen kuɗi ne, ko kaso daga abin da aka samo, ko haɗin biyun, da kuma wanda zai ɗauki kuɗin zuwa kotu a kowane zama. Bayan kuɗin lauya akwai na shigar da ƙara, wanda rajistaran kotu ke ƙiyastawa gwargwadon abin da kake nema, da na kai sammaci, da na tantance kwafin takardun hukuma, da na ƙwararren da zai ba da shaida, da kuɗin motar shaidu duk ranar zama.

Ka haɗa wannan lissafin da na lokaci. Shari'a irin wannan a babbar kotu ana ƙirga ta da shekaru, kuma a ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, alhali ƙarin da kotuna suka saba ɗorawa a kan kuɗin hukunci kashi 10 ne a shekara. Miliyan 4 da za a ba ka bayan shekara huɗu ba za ta cika shagon da za ta cika a yau ba. Kuɗin ɗawainiya da alƙali ke yanke wa wanda ya yi nasara kuwa da wuya ya kai abin da aka kashe.

6. Wace kotu, kuma wa ake ƙara

Kuskure a nan yana cinye shekaru, domin maganar hurumi ana iya tayar da ita ko a Kotun Ƙoli, a rushe duk abin da aka yi. A 2015, a shari'ar Sun Insurance da Umez Engineering, Kotun Ƙoli ta yanke cewa rigimar yarjejeniyar inshora ta yau da kullum ta babbar kotun jiha ce. Inshorar kayan da ke kan teku kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce. Idan kuɗin kaɗan ne kuma adadinsa ba abin jayayya ba ne, akwai kotunan ƙananan da'awa, waɗanda Legas ta fara a 2018 da iyakar naira miliyan 5, Kano da wasu jihohi suka biyo baya.

Idan yarjejeniyar ta ce a kai saɓani gaban masu sasantawa, kamfani zai iya neman kotu ta dakatar da ƙararka a ƙarƙashin dokar sasantawa ta 2023. Galibi sharaɗin ya shafi saɓani kan yawan kuɗin ne, ba kan ko za a biya ba, don haka sai lauya ya karanta lafazinsa da kyau.

Sunan kamfanin a rubuta shi daidai yadda yake a rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista. Sannan mafi yawan kamfanonin nan hedikwatarsu tana Legas, kuma sammacin da zai fita daga wata jiha zuwa wata dole ya ɗauki wani rubutu na musamman a jikinsa, a kuma ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 ya amsa. Ajiye sammaci a hannun mai gadi ko magatakardan reshe ƙofa ce da lauyan kamfani zai shiga ta cikinta.

Gargaɗi ga wanda motar wani ta buge: kai ba ka ƙulla komai da kamfanin ba. Direba da mai motar za ka yi ƙara, a kuma sanar da kamfaninsu a rubuce nan take, domin ta haka ne hukuncin zai iya hawa kansa daga baya.

7. Shigar da takardu

Yanzu manyan kotuna suna bukatar a shigar da komai tare tun farko: sammaci, bayanin da'awa, jerin shaidu, bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin takardun da za a dogara da su. Abin da ba a ambata a bayanin da'awa ba, ba za a saurari shaida a kansa ba. Asarar kuɗi sai an zayyana ta ɗaya bayan ɗaya, dila nawa, a kan nawa, ba a dunƙule ba. Rahoton 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana takardun hukuma ne, kwafinsu sai wanda aka tantance aka buga wa hatimi. Saƙonnin waya, imel da hotuna kuma sai an haɗa su da takardar shaida da sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya tanada, in ba haka ba a ƙi karɓarsu.

Ka karanta bayaninka na rantsuwa kalma bayan kalma kafin ka sa hannu. Idan ba ka jin Turanci, a fassara maka, a kuma rubuta a jikinsa cewa an fassara. Abin da za ka sa rai daga kamfani shi ne ya musanta kusan komai, ya kuma fara da ƙalubalantar hurumi ko yadda aka kai sammaci kafin a taɓa ainihin maganar. Wannan al'adar aikin ce, kada ta karya maka gwiwa.

8. Zaman shari'a

Ranar ba da shaida ba za a ce ka ba da labari daga farko ba. Za ka amince da bayaninka na rantsuwa, lauyanka ya miƙa takardu ta hannunka, sannan lauyan kamfani ya tashi ya titsiye ka da tambayoyi. Zai riƙe fom ɗin da ka cike a hannu ɗaya, bayaninka a ɗaya hannun, yana neman inda suka saɓa. Ka amsa abin da aka tambaya kawai, abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba, kuma ka nemi tafinta idan da Hausa ka fi sakewa, domin ƙoƙarin burge kotu da Turanci ya jefa shaidu da yawa cikin rami. Nauyin tabbatar da yarjejeniya da asara yana kanka, nauyin tabbatar da cewa ka saɓa sharaɗi yana kan kamfanin da ya faɗa.

Ɗage zama zai yi yawa. Akwai hutun kotuna na shekara daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, akwai ranakun da alƙali ba zai zauna ba, akwai irin yajin aikin ma'aikatan shari'a na 2021 da ya rufe kotuna wajen wata biyu. Idan aka sauya wa alƙali wurin aiki ana tsakiyar sauraron shaidu, akan faro shari'ar daga farko.

A tsakanin nan ne kamfani yakan kawo tayin sulhu, musamman bayan shaidarka ta tsaya da ƙafarta. Ka auna tayin da abin da ya rage na lokaci da kuɗi. Idan ka amince, a rubuta sharuɗɗan da ranar biya, a kai wa alƙali ya mayar da su hukunci, kuma kada ka janye ƙara bisa alkawarin baki.

9. Hukunci da karɓo kuɗin

Tsarin mulki ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi. Wanda bai gamsu ba yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara, kuma kamfanin da ya faɗi yakan ɗaukaka, ya haɗa da neman a dakatar da aiwatar da hukuncin. Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta hana aiwatarwa. A nan lauyanka zai roƙi kotu ta sa sharaɗin cewa kamfani ya ajiye kuɗin a hannun rajistara kafin a dakatar.

Idan kamfani bai ɗaukaka ba kuma bai biya ba, hanya mafi sauri ita ce neman kotu ta umarci bankunan da yake ajiya su riƙe kuɗinsa. Kotu takan fara ba da umarnin wucin gadi, bankuna su zo su bayyana abin da ke asusun, sannan ta tabbatar da umarnin a biya ka daga ciki. Shi ya sa rasidin da ka biya kuɗin inshora da shi yake da amfani har zuwa wannan rana, domin a jikinsa ko a bayanan bankinka za a ga bankin da kamfanin ke hulɗa da shi. Ɗaya hanyar ita ce ma'aikatan kotu su kama kadarorin kamfanin a yi gwanjonsu, wadda ta fi jan lokaci da hayaniya. Ko wacce aka bi, ka aika wa NAICOM tantaccen kwafin hukuncin tare da wasiƙar da ke nuna ranar da aka yanke shi da adadin da har yanzu ba a biya ba.